Tambarin Da Ya Ɓare: Rigimar Mayar Da Kuɗi Tsakanin Masu Buga Riguna Da Mutanen Zangon Kumasi

A Kumasi taro ba ya amsa sunansa sai an buga masa riga. Makarantar Islamiyya a Aboabo za ta yi walimar sauka, sai an buga wa ɗalibai riguna masu sunan makaranta a baya. Samarin wani bes, wato majalisar hira, a Sawaba sun haɗa gasar ƙwallon Sallah, sai jesi mai lamba da laƙabin kowa. Ƙungiyar mata a Asawase, direbobin keken pragya, kwamitin Mauludi, tsofaffin ɗaliban wata sakandare, abokan ango da ke son nasu yayin daban da na mata, kowa da tasa rigar. Maƙwabta Asante kuwa, jana'izarsu ta ranar Asabar ba ta rasa matasa sanye da baƙar riga ko ja mai hoton mamaci a ƙirji. Idan shekarar zaɓe ta zo, kamar 2024, lema da giwa, tambarin manyan jam'iyyu, sukan cika gari har a rasa wanda ya sayi tasa da kuɗinsa.

Yawancin wannan aiki a Asafo yake ƙarewa, unguwar da ta yi suna da maɗaba'u, inda shago ke manne da shago, ƙarar inji na tashi tun da sassafe. Ko yaron unguwa da ke karɓar oda a cikin Zango da kwamfutarsa ta hannu, sau da yawa zane kawai yake yi. Rigunan a Kejetia ko Adum ya sayo su, ya ɗora a pragya ya kai Asafo a buga. Ranar da aiki ya ɓaci, wanda ya karɓi kuɗi daban, wanda ya riƙe inji daban, kowa na nuna ɗan'uwansa da baki.

Kuma aiki yana ɓaci. An ɗauko kaya Juma'a da yamma, taro gobe Asabar, an kwance ƙunshi a tsakar gida sai ga koren da aka zaɓa ya koɗe tun ba a sa ba, ko sunan makaranta ya rasa harafi, ko tambarin da ya kamata ya zauna a ƙirji ya gangara wajen hammata. Wanda ya fi ciwo shi ne aibin da ba ya fitowa sai an yi wankin farko: rubutu ya tsattsage, ya riƙa ɓarewa yana yawo a cikin bokiti.

Mayar da irin wannan kaya ya fi mayar da takalmi ko rediyo wuya. Takalmin da aka mayar, mai shago zai goge shi ya sayar wa wani. Riga ɗari masu ɗauke da sunan wata ƙungiya da ranar bikinta ba su da mai saye a duniya sai 'yan ƙungiyar. Duk kuɗin da mai bugu ya mayar daga aljihunsa zai fito, ga kuɗin rigunan, ga tawada, ga ladan yara, shi ya sa yake turjewa iya ƙarfinsa. Shi kuma mai oda ranarsa ba ta ɗaguwa. Ba a ɗage Mauludi saboda riga, kuma "bari in sake buga maka mako mai zuwa" maganar banza ce ga wanda taronsa gobe ne. Sai ya raba rigunan a sa haka nan, da niyyar in an watse ya koma ya yi magana. A wannan daren ne mafi yawan mutane ke zubar da rabin haƙƙinsu ba su sani ba.

Wanda ya san dalilin aibi ba a saurin rufe masa baki, don haka yana da kyau mai oda ya san abin da ake yi wa rigarsa a bayan kanta. Tsohuwar hanya, wadda har yau ita ce ta manyan oda, ita ce bugun sikirin. Firam ne da aka ɗaure wa kyalle mai ƙananan ƙofofi kamar rariya, a zuba tawada a ja ta da roba ta ratsa zuwa jikin riga, kowane launi da nasa firam. Tawadar da aka fi amfani da ita, plastisol, ba ta bushewa da iska ko rana. Sai ta gasu, zafi ya ratsa ta har wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyos, sannan take kama zare. In an yi gaggawa, ko wuta ta yi rauni, ko an ɗauke ta ana tsakiyar aiki, abin da duk wanda ya ga shekarun ɗauke wuta na dumsor ya sani, sai saman tawada ya bushe cikinta na ɗanye. A ido lafiya lau, sai an tsoma a ruwa asiri ke tonuwa. Gwajinsa kuwa ba ya buƙatar ko sisi: a kama wurin rubutun da hannu biyu a ɗan ja. Bugun da ya gasu zai miƙe tare da yadin ya koma yadda yake. Wanda bai gasu ba zai tsage nan take, a gaban mai shago da yaransa.

Hanyar da ta bazu a 'yan shekarun nan ita ce DTF. A buga zane a kan fallen leda, a barbaɗa masa garin gam, a manna a riga da injin matsi mai zafi. Tana fitar da hoto da launuka masu yawa, ana iya buga ko riga biyar, don haka ƙananan shaguna suka rungume ta. Aibinta daga gefe yake farawa: in zafi ko matsi bai kai ba, farce kaɗai ya isa ya ɗaga kusurwar harafi. Lambobin jesi da ake yankawa daga roba ma haka suke. Akwai kuma abin da ke ƙona ran masu ƙwallo. Jan jesi mai santsi, irin launin ƙungiyar Kotoko, in aka gasa farar lamba a kansa ba da tawadar da ta dace ba, rinin yadin yakan hau cikin farin, bayan 'yan kwanaki lamba ta koma ruwan hoda. Ko mai shago ya rantse cewa wanki ne ya jawo, ba wanki ba ne. Wanda ya ɗauki bugu sana'a shi ya kamata ya san yadin da ke gabansa.

Mutanen Zango suna da wata matsalar ta daban, wato Larabci. Manhajar zane da ba a saita ta don Larabci ba takan wargaza kalma, ta raba haruffan ɗaya-ɗaya, ta jera su daga hagu zuwa dama. Mai zanen da bai taɓa zama gaban malam ba ba zai ga wani laifi ba, a wurinsa ado ne kawai. Haka za a buga riga hamsin da sunan makaranta a juye, sai ɗalibi ɗan shekara bakwai ya duba ya kasa karantawa. Hausar boko ma ba ta tsira ba, domin wasu samfuran haruffa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai a ga ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kullum laifin ke wajen mai bugu ba. Shugaban ƙungiya zai ɗauki hoton tambari daga jikin tsohuwar kalanda, ya tura ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage masa kyau, sannan ya ce a faɗaɗa shi ya cika bayan riga. Sakatare zai kawo jerin sunaye arba'in da rubutun hannu a bayan takardar magani. A turo musu zanen ƙarshe su duba, su amsa da "ya yi" ba tare da sun karanta ba. Launin da ke haskawa a fuskar waya haske ne, tawada a kan auduga ba za ta taɓa kai shi ƙyalli ba. Ga masu cewa a nemo riga mafi araha a kasuwa, sannan su yi fushi da ta shige bayan wanki. Kuskuren da ke cikin zanen da mai oda ya gani ya amince da shi, da wuya a ɗora wa wani. Mai adalci yakan raba tsakanin abin da ya ce a yi aka yi masa, da abin da ya ce a yi aka yi wani abu daban.

Ainihin ƙarfin kowane ɓangare a wajen biyan kuɗi yake. Ba mai bugun da ke fara aiki sai an ba shi kafin alƙalami, kuma yana da hujja: shi zai sayo rigunan, tawada da leda daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma wanda ya yi sana'a a Ghana a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, ya san yadda farashin safe ke bambanta da na yamma. Su ma masu bugu suna da nasu labaran na 'yan siyasar da suka kwashi kaya, zaɓe ya wuce, waya ta daina shiga. A ɗauki misali: riga 100 a kan sidi 50 kowace, jimla sidi 5,000. An ba da 3,500, saura ciko 1,500. Muddin wannan ciko na aljihun mai oda, maganarsa tana da nauyi a shagon. Ranar da ya tura shi ta waya, wato MoMo, don a ɗora masa kaya a pragya bai gani ba, ya koma mai roƙo. Abin takaici shi ne yawancin masu oda haka suke yi, saboda Asafo da nisa, rana ta yi, ga hidimar taro.

Lissafin kansa ma yakan jawo gardama. Tun 2007 aka sauya kuɗin Ghana aka cire sifiri huɗu, amma har yau dattawa da 'yan kasuwa da yawa da tsohon lissafi suke magana. Sidi 5,000 ɗin nan a bakin wata Hajiya miliyan hamsin ne, riga ɗaya kuma dubu ɗari biyar. In ciniki da baki aka yi shi, ɗaya na lissafi da sabo ɗaya da tsoho, ranar rigima kowa zai tuna abin da ya fi masa daɗi. Saƙon MoMo yana nuna adadi da rana da sunan wanda ya karɓa, shi ya sa ya fi kuɗin hannu amfani a nan. Amma ba ya faɗin abin da aka biya kuɗin dominsa. Wannan sai rasit, ko saƙon WhatsApp da ya ambaci yawan riguna, irin yadi, ko tishat ce ko lakos mai kwala, launi, girma, da ranar karɓa.

A ƙasan rasit ɗin kuwa, ko a jikin bangon shago, akwai jimlar Turancin nan da kowa ya saba gani, mai cewa kayan da aka saya ba a mayar da su. Mutane da yawa suna ɗaukar ta kamar doka. Ba doka ba ce, mai shago ne ya rubuta wa kansa. Kofi Kapito, shugaban ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta CPA, ya daɗe yana sukar wannan rubutu a kafafen labarai. Dokar da ke akwai ita ce Dokar Sayar da Kaya ta 1962, mai lamba 137, wadda aka yi tun zamanin Kwame Nkrumah kuma take aiki har yau. Sashe na 11 ya ce kayan da aka saya bisa siffantawa dole su dace da siffar daidai. Sashe na 12 ya ce kayan da aka saya bisa samfur dole su dace da samfurin. Sashe na 13 ya ɗora wa mai sayarwa sharaɗin cewa kayansa ba su da aibin da bai bayyana ba, sai dai in mai saye ya duba kayan kuma aibin irin wanda dubawa za ta nuna ne. In aka karya ɗaya daga cikin waɗannan, mai saye na da ikon ƙin karɓa ya nemi kuɗinsa. Dokar ma ba ta tilasta masa ya yi dakon kayan zuwa shago ba. Ya isa ya sanar cewa ya ƙi su, kuma in ya riga ya biya yana iya riƙe su har a mayar masa da kuɗinsa.

Saboda haka samfur yake da daraja haka. Riga ɗaya da aka buga tun farko, aka wanke ta, aka amince, aka ajiye a gida, ta fi shaidu uku. Ranar gardama a shimfiɗa ta kusa da sauran, ba sai an yi dogon bayani ba.

Amma dokar nan tana da ɗaya fuskar, kuma ita ce ke kama masu taron Asabar. Wanda ya karɓi kaya, ya bar lokaci mai ɗan tsawo ya wuce bai ce ya ƙi su ba, ana ɗaukarsa ya amince. Ɗaliban shari'a a Ghana duk sun san ƙarar Rockson da Armah ta 1975. Mutum ya sayi tsohuwar Marsandi, ya gano tana da aibi, ya ci gaba da hawa kusan wata biyu, sannan ya ce ya fasa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ya makara, daɗewar da motar ta yi a hannunsa amincewa ce. Riga ɗari da aka raba wa mutum ɗari, aka yi rawa da su, aka ɗora hotuna a Facebook, ba wanda zai yarda cewa an ƙi su. Abin da ya rage shi ne neman diyya ko ragin farashi gwargwadon aibin, wanda doka ta yarda da shi, amma maganar a mayar da kuɗi duka ta wuce. Wanda ya ga aibi da daren Juma'a kuma dole ya yi amfani da kayan, mafi ƙarancin abin da zai yi wa kansa shi ne ya ɗauki hotuna kafin a raba, ya tura wa mai bugu a daren da bayanin abin da ya gani, ya faɗa masa cewa tilas ce ta sa za a sa su kuma magana na nan, ya kuma ware 'yan riguna da ba a taɓa ba.

In mai oda ne ya sayo rigunansa ya kai a buga, lamarin ya ɗan sauya, domin ba sayar da kaya aka yi ba, aiki aka ba mai sana'a. A nan abin da ake tambaya shi ne ko ya yi aikin da ƙwarewa da kulawar da ake tsammani daga mai wannan sana'a. In ya ɓata, asarar ta wuce kuɗin bugu, ta haɗa da kuɗin rigunan da ya lalata. Masu bugu da yawa sukan ce su kuɗin aikinsu kawai za su yafe. Wannan rabin magana ce.

Abin sha'awa shi ne malaman Zango sun san wannan mas'ala tun kafin a haifi dokar 1962. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin Malikiyya na ƙarni na 10, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi daga Kano har Kumasi, ta yi bayanin cinikin da aka samu aibi a cikinsa: mai saye na da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, in kuma kayan sun riga sun lalace a hannunsa yana iya neman ƙimar tsohon aibin daga cikin farashi. A mazhabar kuma masu sana'a, irin su maɗinki da marini, su ke ɗauke da lamunin kayan mutane da suka karɓa suka tafi da su wurin aikinsu. Mai injin DTF jikan marini ne a wannan hukunci. Don haka in mai shago ya ce wa mai oda "kai da kake Musulmi, ka yi haƙuri ka bar wa Allah", ya kamata a tuna cewa yafewa alheri ne da mai haƙƙi ke yi don ransa, ba abin da mai laifi ke karɓa da ƙarfi ba. Kuma kuɗin ƙungiya ba na shugaba ba ne balle ya yafe. Karo-karon mata talatin ne masu sayar da koko da wake da shinkafa.

A aikace dai rigimar riga a Zango ba ta cika kai wa gaban alƙali ba, ta hanyar mutane ake bi. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce. Zangon Kumasi ya bunƙasa ne da fatauci, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken goro, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896. Baƙon da ya zo da shanu daga arewa bai san mahautan gari ba, maigidan da ya sauke shi ne ke tsaya masa, shi ya san wanda za a ba bashi, shi zai bi kuɗin in an ƙi biya. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill ta yi rubutu a kan wannan tsari na masu gida da dillalai a kasuwar shanun Kumasi a 1966. Har yau hankalin ciniki a Zango bai bar wannan turba ba. Tambayar farko da dattijo zai yi in an kawo masa ƙorafi ita ce, "Wa ya haɗa ku?" Wanda ya ce "ga yarona, ya iya aiki" ya ɗauki nauyi ko bai ci la'ada ba, kuma zuwa da shi shago ya fi zuwa da samari goma.

Yadda ake shiga shagon ma yana da tasiri. Wanda ya faɗo da ihu tun daga bakin ƙofa ya ba mai shago abin da yake nema, domin nan da nan za a bar maganar riga a koma maganar rashin kunya. Wanda ya san abin da yake yi yakan zo da safe kafin shago ya cika, ya yi sallama, ya gaisa, ya nemi ganin mai wurin ba yaronsa ba. Ya zaro samfur ya shimfiɗa a kan tebur, ya zaro ɗaya daga cikin sababbin ya ajiye a gefenta, ya ce, "Masta, duba da kanka." Ya ja rubutun ya tsage a gabansa. Amsoshin da za su biyo baya sanannu ne: da wane sabulu aka wanke, an goge ta da dutsen guga mai zafi, haka hoton da kuka turo yake, yara ne suka yi ba na nan. Ta ƙarshen ba hujja ba ce ko kaɗan, aikin yaro aikin maigidansa ne. Haka kuma mai zanen unguwa da ya karɓi kuɗi ba zai ce a je Asafo a nemi mai inji ba. Da shi aka yi ciniki, shi zai biya, sannan ya je ya bi nasa.

Dole ne mai oda ya shigo da abin da yake so a bakinsa, a ƙirge. Riga nawa ne suka ɓaci cikin ɗarin? In ashirin ne, neman kuɗin ɗari zalunci ne, kuma yana kashe maganar. In akwai sauran lokaci, sake bugu kyauta ya fi sauƙin samu, don mai shago ya fi son ya ba da aiki da ya fitar da tsabar kuɗi. In taro ya wuce, abin da ake yawan daidaitawa a kai shi ne a bar ciko, ko a mayar da wani kaso, wani lokaci kashi biyu ko uku. Tayin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne "in kun kawo aiki na gaba zan rage muku", wanda ke ɗaure mutum ga shagon da ya riga ya ɓata masa. Duk abin da aka amince, a rubuta shi a saƙo nan take, da adadi da rana, a gaban wanda ya shiga tsakani.

In wannan bai yi ba sai a hau sama: limamin masallacin da mai shago ke salla, sarkin ƙabilarsa, magajiya in rigimar ta mata ce, har fadar Sarkin Zango. In mai bugun ba ɗan Zango ba ne, shugabannin masu sana'ar a wurin ko wani dattijon cocinsu na iya yin wannan aiki. Kada a raina irin wannan zama. Dokar sasanci ta 2010, mai lamba 798, ta amince da sulhu da kuma hukuncin gargajiya da ɓangarori biyu suka yarda da kansu su shiga, kuma Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa tana yin sasanci ga marasa ƙarfi.

'Yan sanda kuwa ba wurin zuwa ba ne a kan mummunan bugu. Aikin da bai yi kyau ba rigimar ciniki ce, ba laifin da ake kulle mutum a kansa ba, ko da yake wasu na kai ƙara caji ofis don su tsorata abokin rigima. Inda 'yan sanda ke da hurumi shi ne wanda ya karɓi kuɗi da ƙaryar yana da shago ko inji, ya ɓace. Wannan damfara ce, sashe na 131 na Dokar Laifuka ta 1960 ya tanade ta. Don neman kuɗi, ƙofar ita ce kotun gunduma, irin ta Asokore Mampong, inda mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya, kuma alƙali na iya tura su sasanci kafin a fara shari'a. A 2024 Babbar Jojin ƙasa ta lokacin, Gertrude Torkornoo, ta buɗe kotuna na musamman don ƙananan ƙararrakin kuɗi da bashi a Accra da yankin Ashanti. Sai dai wanda ke bin sidi 1,500 zai auna kuɗin shigar da ƙara da ranakun da zai rufe shagonsa yana zaman benci.

Giɓin da ke tsakanin fadar sarki da kotu shi ne ofishin gwamnati da mai saye zai shiga da rasit ya kai kuka kyauta. Najeriya ta yi dokarta ta kare masu saye a 2018, aka sa mata hannu a farkon 2019, kuma hukumar FCCPC ta sha nanata cewa rubuta "ba a mayar da kaya" ya saɓa wa doka. A Ghana an shafe shekara da shekaru ana maganar daftarin irin wannan doka, gwamnati na zuwa tana wucewa. Da babu wannan ofishi, matasa sun mai da Facebook da TikTok kotunsu, kuma ba shakka hoton rigar da ta ɓare tare da sunan shago yakan sa waya ta yi ƙara cikin awa ɗaya. Amma makami ne mai kaifi biyu. Nuna riga da faɗin abin da ya faru daidai abu ne guda, kiran mutum ɓarawo a bainar jama'a abu ne daban da zai iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna. Ga shi kuma a Zango wanda aka tozarta yau, gobe ana iya tarar da shi ƙanin surukin wani ne a gidan.

Akwai abu ɗaya da ake mantawa a zaman sulhu, wato makomar rigunan da aka ƙi. In an mayar da kuɗi duka, kayan na mai shago ne, kuma yana da damar rage asararsa. Wasu sukan rufe tsohon rubutun da babban bugu mai duhu su sayar da araha, wasu su sayar da su tsumma ga makanikai irin na Suame Magazine. Ga rigar gasar ƙwallo wannan ba komai. Amma rigar da ke ɗauke da sunan makaranta, ko hoton wani malami, ko aya ko sunan Allah, ko da a juye aka buga, masu ita ba za su so a gan ta ana goge baƙin mai da ita ba. Irin waɗannan gara a yi maganarsu tun a zaman: ko a yanke wurin rubutun a gaban kowa kafin a miƙa sauran yadin, ko ƙungiya ta riƙe rigunan a cire kuɗin yadinsu daga abin da za a mayar mata.